Daga Karan Ɗori Zuwa Gyaran Ƙashin Baya: Tarihin Wata Sana'a da Matsalar Kalmar "Jijiya"

1.0 Gabatarwa

Garin Paiko, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Paikoro ta Jihar Neja, yana kan hanyar da ta tashi daga Minna ta nufi Suleja. Mafi yawan mutanensa Gbagyi ne, waɗanda Hausawa ke kira Gwarawa, kuma doya ce babban abin nomansu. Duk da haka Hausa ce harshen ciniki a kasuwa da tasha, ita ce kuma ke haɗa majinyaci da ma'aikacin lafiya idan harshensu na gado ya bambanta. Manomin da ya wuni a sunkuye yana tayar da kunyar doya, da matar da ta ɗauko itace a kafaɗa bisa al'adar Gbagyi, da ɗan acaɓan da ya faɗi a kan kwalta, idan suka zo bayyana abin da ke damun su da Hausa, da wuya a rasa kalmar "jijiya" a bakinsu. Wani ya ce jijiya ce ta riƙe masa baya, wani ya ce ta harɗe, wani kuma ya ce ta tsinke.

A 'yan shekarun nan wata magana ta shigo cikin wannan fage ta hanyar tallace-tallace da hotunan bidiyo na wayar hannu. Ana nuna wani yana murɗa wuyan majinyaci ko yana danna masa baya har a ji ƙara, sannan a ce ƙashin baya ne ke danne jijiya, jijiya kuwa ita ke tafiyar da dukkan jiki, don haka gyara baya gyara lafiya ne gaba ɗaya. Wannan ra'ayi yana da asali da tarihi. Ya fito ne daga wata sana'a ta Amurka da ake kira kairofiraktik, watau gyaran ƙashin baya da hannu.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bi diddigin wannan sana'a, ta ajiye ta kusa da takwararta ta gida, watau ɗori, domin a ga inda suka yi tarayya da inda suka rabu. Daga nan za ta nuna cewa faɗin ma'anar kalmar "jijiya" a Hausa yana sa iƙirarin da bincike bai tabbatar ba ya yi daɗin ji a kunne, yana kuma rufe wani haɗari da ke jawo asarar hannuwa da ƙafafu. Ta wannan fuska, maganar ta shafi manazarta harshe kamar yadda ta shafi likitoci.

2.0 Ɗori a Ƙasar Hausa

2.1 Rabon Aiki Tsakanin Masu Magani

Sanin kowa ne cewa Bahaushe bai ɗora dukkan al'amarin lafiya a kan mutum guda ba. Akwai boka da 'yar mai ganye masu sassaƙe-sassaƙe da saiwoyi, akwai wanzami mai ƙaho da tsaga da kaciya, akwai ungozoma, akwai 'yan bori masu sha'anin iskoki, akwai malamai masu rubutun sha da tofi, sannan akwai maɗori. Lewis Wall ya yi bayanin wannan tsari a littafinsa kan magungunan Hausawa da aka buga a 1988, bayan binciken da ya gudanar a karkarar ƙasar Katsina.

Abin lura a nan shi ne iyakar da al'ada ta shata wa maɗori. Aikinsa karaya ne da tsagewar ƙashi da gocewa da targaɗe. Cututtukan da ilimin zamani ya gano cewa na ƙwaƙwalwa da laka ne, irin su farfaɗiya da shanyewar ɓarin jiki da shan inna, ba ƙofarsa aka saba kai su ba. Sunan "shan inna" kansa shaida ne, domin yana nuni da aljanar da aka yi imani ita ke shanye ƙafar yaro, kuma sunan ya zauna daram har bayan da aka san cewa ƙwayar cuta ce ke lalata wani sashe na laka. Ke nan Bahaushen da, komai kuskurensa game da musabbabin waɗannan cututtuka, bai jingina su ga gocewar ƙashi ba, shi kuma maɗori bai yi iƙirarin warkar da zazzaɓi ko ciwon ciki ta hanyar taɓa ƙashi ba.

2.2 Yadda Ake Yin Ɗori

Ɗori sana'a ce ta gado, ɗa ya koya a gaban uba, kuma a garuruwa da dama akwai sarautar Sarkin Ɗori. Maɗori kan shafa wurin da hannu har ya gane inda ƙashi ya rabu, ya sa a riƙe majinyaci, ya ja gaɓar ya daidaita bakunan ƙashin. Sai ya shafa man shanu ko man kaɗanya, wani lokaci haɗe da garin magani, ya yi tofi, ya jera karan ɗori kewaye da wurin, ya naɗe da tsumma ko igiya. Bayan kwanaki sai a kwance a duba, a yi tausa, a sake ɗaurewa. An kuma san al'adar nan ta karya ƙafar kaza a ɗora ta tare da ta majinyaci, da imanin cewa ranar da kaza ta taka, shi ma ya kusa takawa.

Hikimar da ke ƙunshe cikin wannan aiki ita ce ƙashi shi ke haɗa kansa. Da zarar ya karye, jini kan taru ya daskare a wurin. Cikin mako 2 zuwa 3 wani abu mai kama da guringuntsi kan haɗe bakunan biyu, daga baya ya ƙanƙare ya zama ƙashi. Dogon ƙashin baligi kan ɗauki kimanin mako 6 zuwa 12, na yaro kuwa bai kai haka ba. Aikin mai gyara, maɗori ne ko likita, bai wuce ya daidaita ya kuma hana motsi ba. Wannan ne dalilin da ya sa maɗora ke samun nasara ta haƙiƙa a karayar da ba ta fasa fata ba kuma ba ta shiga cikin gaɓa ba, shi ne kuma tushen amincewar da jama'a suka yi da su tun kaka da kakanni.

2.3 Ɗori da Rubutaccen Ilimi

A duniyar Musulunci an daɗe da rubuta ilimin ɗori. Abul Ƙasim Azzahrawi, likitan Ƙurɗuba ta Andalus wanda ya rasu wajen 1013, ya keɓe wani sashe na littafinsa Attasrif ga karaya da gocewa. Larabawa na kiran aikin "jabru", abin ɗaurin kuma "jabira", kalmar da ɗaliban fiƙihu na ƙasar Hausa suka sani daga hukuncin shafa a kan ɗauri wajen alwala cikin Mukhtasar na Khalil. Daga wannan tushe ne sunan lissafin aljabara ya fito, har ta kai a tsohon harshen Sifaniyanci kalma guda ke nufin masanin aljabara da kuma maɗori.

Malaman Daular Usmaniyya ma sun yi rubutu kan lafiya. Abdullahi ɗan Fodiyo ya wallafa Masalihul Insani, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, ya bar risaloli da dama kan magunguna. Amma kamar yadda nazarin Isma'il Abdalla na 1997 ya nuna, littattafan da suka fi yaɗuwa a ƙasar nan na ɗibbun Nabawi ne da na addu'o'i da tsirrai. Ɗori ya ci gaba da zama ilimin hannu da baki, yana tafiya tare da masu shi duk inda fatauci ya kai su. Sa'ad da layin dogo na Baro ya ratsa Minna ya isa Kano a 1911, 'yan kasuwa da masu sana'a na Hausawa sun bi shi zuwa ƙasar Gbagyi da Nufe, inda suka tarar da masu maganin gida da nasu dabarun, Hausa kuma ta zama harshen da ake musayar wannan sani da shi.

3.0 Hanyoyi Biyu Daga Tushe Guda

3.1 Maɗoran Ingila da Likitancin Ƙashi

Turawa ma sun yi zamani da maɗoran gado waɗanda ba su shiga makarantar likita ba. A Ingila an yi wata mata mai suna Sarah Mapp, wadda ta rasu a 1737, da ta yi suna ƙwarai a wannan aiki. Likitoci sun daɗe suna yi wa irin waɗannan mutane kallon raini, sai a 1867 aka buga wata lacca ta babban likita James Paget inda ya ja hankalin abokan aikinsa da su lura da ciwuwwukan da maɗora ke warkarwa, su ɗauki abin da ke da amfani, su bar wanda ke cutarwa.

Wanda ya fi kowa cika wannan shawara shi ne Hugh Owen Thomas (1834–1891), ɗan gidan maɗora na ƙasar Wales. Ya gaji hannu daga mahaifinsa, ya kuma je ya karanci likitanci, sannan ya ƙera wani ƙarfen ɗaurin cinya da har yau ake kira da sunansa. Robert Jones, wanda ya tashi a hannunsa, shi ya yaɗa amfani da wannan ƙarfe a Yaƙin Duniya na Ɗaya, mutuwar sojojin da suka karye a cinya ta ragu ƙwarai. A gefe guda kuma, likitan sojan Holan Antonius Mathijsen ya bayyana ɗaurin filasta a 1852, wanda mutanenmu ke kira siminti, sannan a watan Nuwamba na 1895 Wilhelm Röntgen na Jamus ya gano hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi. Wannan ita ce hanya ta farko: gwanintar hannu ta haɗu da sanin ƙirar jiki, aka sami likitancin ƙashi.

3.2 Palmer da Haihuwar Kairofiraktik

Hanya ta biyu ta faro ne a waccan shekara ta 1895, a garin Davenport na Jihar Ayowa ta Amurka. Daniel David Palmer (1845–1913), haifaffen Kanada, ya taɓa koyarwa da sayar da kayan masarufi kafin ya koma warkarwa ta hanyar shafa jiki da abin da ake kira ƙarfin maganaɗisu. A cewarsa, ranar 18 ga Satumba ya danna wani ƙashi a gadon bayan Harvey Lillard, mai kula da ginin da ofishinsa yake, wanda ya yi shekara 17 ba ya ji sosai, sai jinsa ya dawo. Wani limamin kirista mai suna Samuel Weed ne ya haɗa wa sabuwar sana'ar suna daga kalmomin Girkanci biyu masu nufin "hannu" da "aiki". A 1897 Palmer ya buɗe makaranta.

Da Palmer ya tsaya a kan ciwon baya, da bai zama komai ba face maɗori cikin maɗora. Sai ya gina babban ra'ayi a kan abin da ya ce ya gani. Ya koyar da cewa akwai wata hikima ta halitta da ke gudana daga ƙwaƙwalwa ta bi jijiyoyi zuwa kowane sashe na jiki, kuma idan gaɓar ƙashin baya ta ɗan goce sai ta tare wannan gudana, cuta ta biyo baya. A littafinsa na 1910 ya jingina kashi 95 cikin 100 na cututtuka ga irin wannan gocewa. Bisa wannan ra'ayi ne shi da mabiyansa na farko suka yi watsi da bayanin ƙwayoyin cuta, suka kuma yi adawa da allurar rigakafi.

Shari'a ta taimaka wajen ƙarfafa wannan aƙida. A 1906 an ɗaure Palmer na ɗan lokaci saboda yin magani ba tare da lasisi ba. A 1907 aka gurfanar da wani ɗalibin makarantarsa, Shegataro Morikubo, a Jihar Wiskonsin, lauya ya kare shi da hujjar cewa kairofiraktik fanni ne mai falsafarsa ta daban, don haka dokar sauran masu magani ba ta hau kansa ba, kuma aka sallame shi. Tun daga nan ra'ayin gocewar gaɓa ya zama garkuwar 'yan sana'ar a gaban alƙali, ɗansa B. J. Palmer kuma ya yaɗa shi da ƙwazon talla. Jihar Kansas ta fara yin dokar ba su lasisi a 1913, Luwiziyana ta zama ta ƙarshe a 1974. Ƙungiyar Likitocin Amurka ta kafa kwamitin yaƙi da su a 1963, su kuma a ƙarƙashin Chester Wilk suka kai ƙara a 1976, kotu ta yanke a 1987 cewa ƙungiyar ta karya dokar hana danniya a kasuwanci. Ya kamata a lura cewa hukuncin na cinikayya ne, bai tabbatar da ingancin ra'ayin Palmer ba.

4.0 Iƙirarin Palmer a Ma'aunin Bincike

Akwai gaskiyar da ba a musu a kanta. Ƙashin baya jerin gaɓoɓi 33 ne: 7 a wuya, 12 a gadon baya, 5 a tsatso, sauran 9 kuma sun manne a ƙugu da ƙashin wutsiya. Laka na bi ta cikinsu, daga gare ta kuma jijiyoyi biyu-biyu har kashi 31 ke fita ta ƙofofin da ke tsakanin gaɓoɓin. Idan faifan guringuntsin da ke tsakanin gaɓa da gaɓa ya bulluƙo ya danne ɗaya daga cikinsu, mutum kan ji zogi yana sauka daga ƙugu zuwa ƙafa, ko ƙafar ta yi sanyi ta mutu. Idan kuwa laka ta tsinke a haɗarin mota, abin da ke ƙasa da wurin kan shanye.

Matsalar tana cikin tsallaken da aka yi daga wannan gaskiya zuwa ga dukkan cututtuka. Jijiyar ji tana cikin jijiyoyi kashi 12 da ke fita kai tsaye daga ƙwaƙwalwa, tana kuma cikin ƙoƙon kai, ba ta da hanya ta gadon bayan da Palmer ya danna. Haka ma jijiya ta goma a wannan jeri, wadda ke isa zuciya da huhu da hanji, ba ta ratsa ƙofofin ƙashin baya ba. A 1973 Edmund Crelin, masanin ƙirar jiki a Jami'ar Yale, ya gwada murɗawa da danna ƙashin bayan gawarwaki, ya tarar cewa ƙofofin ba su matse jijiya sai ƙarfin ya kai ga karya ƙashin. A 1998 wani bincike da aka yi a Kanada kan yara masu ciwon asma ya nuna cewa gyaran baya bai ƙara musu komai ba a kan gyaran ƙarya da aka yi don gwaji. A 2010 hukumar da ke kula da 'yan wannan sana'a a Birtaniya ta bayyana da kanta cewa babu shaidar binciken asibiti da ke nuna cewa gocewar gaɓa irin ta Palmer ita ce musabbabin cututtuka. Ƙarar da ake ji kuwa lokacin murɗawa, kumfar iska ce a cikin ruwan gaɓa, irin wadda ake ji idan mutum ya lanƙwasa yatsunsa.

Abin da ya tsira daga wannan tankaɗe da rairaya shi ne ciwon tsatso. Nazarce-nazarcen da suka tattara gwaje-gwaje masu yawa, ciki har da na 2011 da na 2019, sun nuna cewa danna baya da hannu na kawo sauƙi matsakaici, kwatankwacin wanda motsa jiki da sauran hanyoyin da aka yarda da su ke kawowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora kan horo da kiyaye haɗari a wannan sana'a a 2005, kuma a Afirka ta Kudu ana koyar da ita a jami'o'in Durban da Johannesburg. Akwai kuma inda murɗawa ke da haɗari. An sami alaƙa tsakanin murɗa wuya da ƙarfi da yagewar jijiyar jinin da ke hawa ƙwaƙwalwa, ko da yake abin ba ya yawan faruwa. A ƙasarmu kuwa, inda tarin fuka kan ci ƙashin baya har ya haifar da ƙusumbi, danna irin wannan baya na iya ruguza gaɓar da ta riga ta rube, majinyaci ya shanye.

5.0 Ɗori da Asibiti a Nijeriya

Likitancin ƙashi na zamani ya shigo Nijeriya ta Igbobi a Legas a zamanin Yaƙin Duniya na Biyu. A Arewa an buɗe Asibitin Ƙashi na Dala a Kano a 1959, wanda daga baya ya koma ƙarƙashin Gwamnatin Tarayya. Jihar Neja, wadda aka ƙirƙiro a 1976, tana da Babban Asibitin Minna da Asibitin Ƙwararru na IBB a kan hanyar Paiko da Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Bida. Ta fuskar doka, gyaran da aka yi wa dokar likitoci a 1992 ya sanya wasu hanyoyin magani na daban a ƙarƙashin kulawar Majalisar Likitoci ta Nijeriya, a 2007 kuma Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta fitar da manufar ƙasa kan maganin gargajiya.

Duk da haka maɗori bai rasa jama'a ba, kuma dalilan a fili suke. Yana kusa, yana jin harshen majinyaci, yana karɓar abin da ya sawwaƙa, sannan akwai tsoron da ya kafu cewa asibiti yanke ƙafa ake yi. Wannan tsoro yana ciyar da kansa. Bayan karaya gaɓa kan kumbura, musamman a kwana 2 zuwa 3 na farko. Idan an tamke karan ɗori, kumburin ba shi da wurin zuwa, sai ya toshe hanyar jini. Tsokar da ta rasa jini na kimanin sa'a 6 zuwa 8 ta fara mutuwar da ba ta dawowa. Likitan Jamus Richard von Volkmann ya bayyana ƙanƙancewar hannun da ke biyo bayan matsattsen ɗauri tun 1881, likitocin asibitocin koyarwa na Nijeriya, har da na Zariya, sun sha ba da rahoton yaran da aka kawo musu da hannu ya riga ya yi baƙi. A wannan mataki babu abin yi sai yankewa, labari kuma ya koma ƙauye cewa asibiti ta yanke.

An gwada mafita. Wani rahoto na 2005 daga asibitin Arba Minch na ƙasar Habasha ya nuna cewa gajeren horo da aka ba maɗoran yankin kan haɗarin matse ɗauri ya rage yawan yanke gaɓoɓi. Amma horo da harshe ake yin sa, kuma a nan ne matsalarmu take.

6.0 Matsalar Kalmar "Jijiya"

Mu dubi waɗannan jimloli:

(1) An ɗebi jini daga jijiyar hannunsa.
(2) Naman nan duk jijiya ne, ba ya taunuwa.
(3) Jijiyar gwiwarsa ta tsinke a wajen ƙwallo.
(4) Jijiyar idonsa ta mutu.
(5) Jijiyar bishiyar ta tsaga bango.

A (1) ana nufin bututun da jini ke bi. A (2) ana nufin igiyar da ke haɗa tsoka da ƙashi, a (3) wadda ke ɗaure ƙashi da ƙashi, a (4) zaren da ke ɗaukar saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da jiki, a (5) kuwa saiwa. Abin da ya tara su siffa ce kawai: abu mai tsawo, siriri, mai tauri. Wannan ba naƙasa ba ce da ta keɓanta ga Hausa. Kalmar Girkanci da Turawa suka samo sunan ilimin jijiyoyin laka daga gare ta, asalin ma'anarta igiyar tsoka ce da tsarkiyar baka, sai wajen shekara ta 300 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.) Hirofilus na Iskandariyya ya rarrabe su ta hanyar feɗe gawa. Kalmar Larabci "asab" ita ma ta ɗauki ma'anonin biyu. Waɗancan harsuna sun bi ta wannan mataki, buƙatar masana ce ta tilasta musu keɓe kalmomi.

Illar rashin keɓewa na fitowa ta fuska biyu. Ta farko, idan mai talla ya ce "ƙashin baya ne ke danne jijiya", mai sauraro na iya fahimtar jijiyar jini, sai ya ga ai hawan jini da ciwon suga da rashin haihuwa duk sun shiga ciki. Ra'ayin da a Turanci yake buƙatar hujja, a Hausa kalmar da kanta ta share masa hanya. Har ila yau "laka" na da ma'anar ƙarfi da kuzari, kamar a "ba shi da laka a jiki", don haka alkawarin "gyara laka" kan zama alkawarin dawo da ƙarfin jiki baki ɗaya.

Fuska ta biyu ta fi muni. Yaron da aka yi wa ɗori, idan ya kwana yana kuka, yatsunsa sun yi sanyi ba ya jin taɓi, sau da yawa abin da manya za su ce shi ne "jijiya ce ke ja, ɗori ne ke kamawa". Da ana nufin igiyar tsoka, da haƙuri ya wadatar. Amma abin da ke faruwa shi ne jijiyar jini ta toshe, jijiyar saƙo kuma tana mutuwa, sa'o'i kaɗan suka rage. Kalma guda ta haɗa abin da ake jira ya wuce da abin da ake kwance ɗauri dominsa nan take.

Hausa ba ta rasa kayan gyara ba. "Jijiyar jini" ta riga ta zauna a bakin jama'a. "Agara" tsohuwar kalma ce da aka fi sani da igiyar dunduniya, ana iya faɗaɗa ta ga duk igiyar da ke haɗa tsoka da ƙashi. Ga wadda ke haɗa ƙashi da ƙashi muna ba da shawarar "jijiyar gaɓa", ga mai ɗaukar ji da motsi kuma "jijiyar saƙo", domin "jijiyar laka" da wasu ke amfani da ita ba ta game waɗanda ke fita daga ƙwaƙwalwa ba. Ƙamus na keɓaɓɓun kalmomi wanda Ɗalhatu Muhammad ya tace aka buga a 1990 ya nuna cewa masana na iya zama su daidaita kalmomin nazarin harshe da adabi. Sassan jiki sun cancanci irin wannan zama, da sharaɗin a gayyato likitan ƙashi da maɗori da mahauci, domin mahauci na ganin waɗannan igiyoyi da idonsa kullum, kuma yana da sunayen da ba su shiga littafi ba. A wuri irin Paiko kuwa, dole a tambayi yadda Gbagyi da Nufanci suka rarrabe su, tun da ta cikinsu ne majinyaci ke fassara Hausar da ya ji.

7.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta nuna cewa ɗori da kairofiraktik sun fito ne daga tushe guda, watau gyara jiki da hannu. A Ingila wannan gwaninta ta haɗu da sanin ƙirar jiki ta haifi likitancin ƙashi. A Amurka Palmer ya ɗora mata iƙirarin warkar da kusan kowace cuta, bincike na fiye da shekara 100 kuma bai bar mata komai tabbatacce ba sai sauƙaƙa ciwon baya da makamantansa. Maɗorin Hausa bai taɓa ɗaukar wa kansa wannan babban kaya ba, kuma babu alheri a koya masa shi yanzu. Abin da yake buƙata shi ne sanin inda jijiyar jini da jijiyar saƙo suka bi, da alamomin da ke cewa a kwance ɗauri a nufi asibiti: zogin da ya wuce misali, da sanyin yatsu, da sauyin launi, da rashin jin taɓi. Mai ciwon baya kuma ya san cewa idan ƙafa ta fara mutuwa, ko fitsari ya ƙi riƙuwa, ko rama da zazzaɓi suka biyo baya, lokacin tausa ya wuce. Ba za a iya isar da wannan saƙo da kalma guda mai ma'ana biyar ba. Samar da kalmomin da za su ɗauke shi nauyi ne da ya rataya a wuyan manazarta Hausa.